Ilu Mai Zubin Kaboyi

Ni na riƙe masa zugazugi shekara goma sha ɗaya
a wani zaure mai baƙin rufi bayan Jakara,
don haka in na ce na san Ilu
ba a bakin mutane na tsinta ba.

Ubansa mundaye yake zubawa, da ƙarau, da ƙararrawa.
Da shi ma a nan zai tsaya,
sai ranar da ya zari sisi daga kwanon ciniki
ya shiga silima a Fagge.
Bai ji ko kalma ɗaya ta Turancinsu ba.
Abin da ya fito da shi kawai:
mutum bisa doki, malafa kamar faifai,
igiya tana kewaya a saman kansa,
ba ta faɗo ba har aka kunna fitilu.

Igiyar nan ya bi har furfura.

Kakin zuma daga Kurmi,
yumɓun kududdufi a cuɗa da kashin jaki,
tsofaffin kan famfo, kwaɗon da ya rasa ƙofarsa,
kwanson harsashi bayan an gama yaƙi,
duka a tukunya ɗaya.
"Zuga, yaro, tagulla ba ta son mai ganda."
Kaki ya tsiyaye ya bar gurbi,
ruwan ƙarfe ya shiga ya gaje shi.
Sai an fasa ƙasa ake sanin abin da aka haifa.

Dokinsa na fari da ƙafa uku ya fito.
Ya aje shi a taga,
ya ce wannan malaminsa ne, ba a sayar da malami.

Turawan filin jirgi suka ji labari,
suka zo suna dariya, wai kaboyi a Kano!
Wani ya juya ɗaya a hannu
ya ce, "Hancin nan ba namu ba ne."
Bai yi ƙarya ba.
Fuskar Jauro Sambo ce, mai kawo shanu kara,
wanda kan zauna a dakalinmu yana dama fura,
bai san an sa masa bindiga a ƙugu ba.

Sai liman ya aiko:
mai sura abu mai rai,
gobe za a ce ya busa masa numfashi.
Wata uku murhu na sanyi,
gizo-gizo ya yi gida a bakin zugazugi.
Da ya dawo, sai sirdi babu mahayi,
takalmi da ƙaimi babu ƙafa,
malafa a kife a kan dutse
kamar mai ita ya je alwala.
Ciniki ya ragu. Bai yi ƙorafi ba,
ko kuwa ya yi, ban ji ba.

Igiyar ce dai.
Siririya ce, ƙarfe kan daskare kafin ya kai ƙarshenta.
Na ga ta karye sau nawa? Na daina ƙirge.
Wasu kan liƙa waya da dalma, a wuce wurin.
Shi ya ce wannan ha'inci ne.

Ranar da ta fito cikakkiya, zubi ɗaya,
yana ta riga ta rufe masa ido.
Ya bi zoben da ɗan yatsa
daga kulli har ya dawo kulli,
ya sake bi,
sannan ya ce in je in sayo masa goro na naira biyu.

Bayan sadakar arba'in
'yan gwangwan suka zo da sikeli.
Kilo sha tara, har da igiyar.
Magada suka raba kuɗin kafin la'asar.

Yanzu waldar ƙofofi nake a Ƙofar Ruwa.
Dokin mai ƙafa uku yana kan tagata,
na tokare shi da kwalin ashana.
Yarana kan tambaya ina ƙafar ta tafi.
Nakan ce tana hanya,
ƙarfen ne ya huce kafin ya iso.