Numfashin Baba

Saturnina, littafinki ya iso Potosi
a jakar direban motar La Paz,
naɗe cikin tsohuwar jarida, gefe guda ya sha mai.
Mako uku ina karanta shi
da dare, bayan na fito daga cikin dutse,
yatsuna suna barin baƙi a kowane shafi.

Kin yi ƙarya a wurare da dama.
Tagarmu ba ta kallon majami'a,
bangon Eusebia take kallo,
wanda akuyarta ta lashe har ya rame.
Sunan karenmu Tizon, ke kin ba shi wani.
Baba bai rasu ana ruwa ba,
rana ce fetal, ranar Laraba,
har Mama ta shanya bargo.
Ni kuwa kin kashe ni a shafi na casa'in da biyu,
kin rufta mini rami a ka,
alhali ga ni zaune, ina tauna ganyen koka,
gwiwata tana ciwo kamar ta kowa.

Na yi fushi.
Na cusa shi ƙarƙashin ƙafar tebur kwana biyu,
dama teburin yana rawa.

Sai Casilda ta ce in karanta mata da ƙarfi
tana kaɗin ulu a bakin murhu.
A bakina na ji abin da idona bai gani ba.
Kalma uku, sai ki tsaya.
Kalma huɗu, sai ki tsaya.
Babu jimlar da ta kai bakin ƙofa ba ta huta ba.
Haka Baba yake magana a shekararsa ta ƙarshe,
da ƙurar rami ta cika masa ƙirji:
"Fermin. Kawo ruwa. A'a. Zauna tukuna."

Masu jarida sun ce salo ne,
wai a ƙetaren teku kika koyo shi.
Da ni suka tambaya!
Shekararki tara, ke ce mai riƙe masa kwano,
ke ce mai ƙirga tazara tsakanin tari da tari.

Sun kuma ce littafin ya yi siriri.
Ba su ga Mama a bakin rami ba,
ta miƙe ƙafa cikin sanyi, da 'yar gudumarta,
tana fasa duwatsun da maza suka zubar,
ta jefar da ɗari, ta ƙulle ɗaya a gefen mayafi.
Na san ɗari kika jefar.

Akwai inda kika kai mutanenki bakin teku.
Ban taɓa ganin teku ba, amma an ce fili ne.
Naki ba iska, sai ɗigon ruwa da duhu,
kowa na tafe ya sunkuyar da kai
kamar mai tsoron ƙarfen rufi.
Ko ina kika je, dutsen nan yana bisa kanki.

Batun kashe ni da kika yi,
sai da na kwana na tashi sannan na gane.
Ke ce kullum a bakin shinge da yamma,
kina ƙirga fitilun goshi suna fitowa ɗaya ɗaya,
ba kya tafiya sai kin ga tawa.
Shekara ashirin kina birni, ba ki daina ƙirgar ba.
Kin rubuta shi ne don ki samu barci.
Na yafe.

In za ki sake wani,
ki mayar wa Tizon sunansa, bai yi miki komai ba.
Ki aiko mini da tabarau, rubutunku ƙanana ne.
Casilda ta ce kada in faɗa miki,
amma kunnenki ba ya ɓata:
tun damina,
ni ma na fara tsayawa
bayan kalma biyar.