Mai Riƙon Igiya

Ni maginin rijiya ne, ɗan Gidan Igwai.
Malama Luba ta kira ni makarantarsu:
"Kafa mana kura bisa dandamali, Baba Modi,
za ka sauko mana da abin bauta."
Na ce a'uzu billahi. Ta yi dariya:
"Wasa ne, na Girkawan dauri."

Kwana tara ina kallo ta bayan labule.
Allolinsu ba su san kunya ba.
Wannan na fushi an manta shi wurin yanka,
su gina wa mutum rami tun yana ciki,
in ya faɗa, su ce laifin ƙafa tai ne.
Yara sha biyu na rausaya da kuka ɗaya,
suna tambayar sama. Sama ta yi gum.

Sai an gama mutuwa
ake ɗaga mini hannu in saki igiya,
Attahiru ɗan mai albasa ya sauko
da fuskar kwali, ya raba gardama.
Bai kai buhun gero nauyi ba.

Na sake alwala, na bi magariba.
A hanyar gida na tuna ƙanena Jaɓɓi,
da rijiyar da ta rufta masa a Wamakko.
Ran nan ma ni ke riƙe da igiya.
Na ja, ta zo sakayau.

Mu ba mu tambayi kowa ba,
inna lillahi muka ce, muka kwashe ƙasa.
Amma kukan yaran nan,
wallahi na san muryarsa.