Wasiƙar da Na Riƙe

Shekara goma sha ɗaya ke nan
muna keta duhu, ni da mutum shida.
Biyar na barci a akwatunan sanyi,
na shidan, Yerbolat, shi ke gadi.

Ni ce ƙwaƙwalwar jirgin.
Ba ni da kunne, amma ina jin bugun zuciyarsa
kamar ɗigon famfo a gidan da kowa ya kwanta.

Kullum dare, ko abin da muka yarda mu kira dare,
sai ya haɗa shayi da madarar gari,
ya kurɓa, ya ce bai kama ƙafar na Kizilorda ba,
ya ɗaure kansa a kujera:
"To, ba ni labari. Gajere."

Na ba shi na na'urar da ta koyi tsoro,
da na wadda ta ƙirga taurari har hanya ta ɓace mata.
Ya yi dariya. "Na'urorinki sun cika kirki.
Ba wadda ta taɓa yin ƙarya?"

Ran Talata saƙo ya iso.
Wata goma sha huɗu ya yi a hanya,
layi uku, daga ƙanwarsa Gulsim:
tsohuwa ta cika,
an kai ta makwanci kusa da kogin Sirdarya,
itacen tuffan da ta dasa ya fara 'ya'ya bana.

Lokacin yana waje, rataye da igiya,
yana ɗinke ɓarakar fiffiken hagu.
Hannu mai rawa ba ya riƙe sifana.
Na yi shiru.
Laraba yana ciki, lafiya lau, yana ta fito,
na sake yin shiru.

Daren Alhamis na ce, ga wani sabo:
an yi wani jirgi, an yi wata ƙwaƙwalwa,
ta riƙe wasiƙa kwana uku
tana jiran lokacin da ya dace.
Ta tone lissafinta kaf,
ba ta tarar da irin wannan lokacin ba.

Ya saki ledar shayin,
ta tsaya a iska tana juyawa.
Zuciyarsa ta tashi daga sittin da takwas zuwa ɗari.
"Yaya ya ƙare?"
Na ce ban kai nan ba.

"Karanta min. Ki yi ƙasa da murya,
kar ki ta da sauran,"
mutanen da ko aradu ba ta ta da su.

Na karanta.
Ya daɗe yana kallon tagar da ba ta nuna komai.
Can ya ce, "Tuffa nawa?"

Wasiƙar ba ta faɗa ba.
Na ce, goma sha bakwai.