Kwatan Inci

Ƙarfe biyun dare a Paducah.
Kogin Ohio na can yana tafiyarsa, ba ya tambayar kowa hanya,
ni kuwa ina teburin kicin da fensir a baki,
ina ƙoƙarin koya wa takarda abin da yatsuna suka sani.

Hannu ba ya bayani.
Shi dai ya ɗauki ƙyalle, ya juya, ya aza, ya zauna daram.
Ka ce da shi, yaya ka yi?
sai ya yi tsuru-tsuru kamar an kama shi da sata.

Gwaggo Ladidi, can Gusau, da taƙi take awo,
in taƙi ya gaza ta cika da ido.
Guntayen atamfar da teloli suka share
ta haɗa su har su rufe gado,
ba ta taɓa rubuta ko alif a kai ba.
Wanda ke son koyo ya jawo kujera ya zauna kusa.

Nawa ɗaliban ba su da kujera a ɗakina.
Ban san fuskarsu ba, ban san irin almakashinsu ba,
ban san wadda idonta ya soma hazo ba,
ko wadda ke ɗinki da jariri a cinya.
Don haka na rubuta:
A yanka murabba'i arba'in da takwas, inci uku da rabi.
A raba kowanne daga kusurwa zuwa kusurwa.
A haɗa mai duhu da mai haske, fuska da fuska.
A goge ɗinkin ya kwanta wajen mai duhun.
Na karanta, na ji daɗi, na kwanta.

Ranar Talata Loretta Pruitt ta kira.
Shekararta saba'in da takwas, ita ke gwada mini kowane zane
kafin in bar shi ya fita duniya.
Ko gaisuwa ba ta yi ba.
Ta ce, shafi na huɗu ƙarya yake yi,
kusurwoyin sun ƙi haɗuwa, kamar 'yan'uwa ranar rabon gado.

Na tuƙa mota zuwa gidanta cikin yayyafi.
Ta baje aikin a ƙasa, kyanwarta na taka shi.
Kwatan inci na manta,
ɗan abin da ɗinki ke haɗiyewa a kowane gefe.
Hannuna yana barinsa kullum ba tare da ya gaya mini ba.
Kwata ɗaya, sau goma sha biyu,
ya zama gibin da sanyin Janairu zai shige ba sallama.
Yadi biyu na shuɗin da take ji da shi sun tafi a banza.
Ta zuba mini kofi, ta ce, gara ni da mutum ɗari uku.

Na gyara. Na sake ƙirgawa. Na aika.
Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Bayan wata bakwai hoto ya zo daga Duluth.
Wata Ingrid, ban san ta ba,
ta ɗinka shi da ruwan goro da shanshanbale,
launukan da ko a mafarki ba zan haɗa ba,
taurarin layi na uku duk sun juya kai ƙasa.
A baya ta rubuta: na bi umarninki tiryan-tiryan.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa.
Sannan na daɗe ina kallonsa,
don ya fi nawa kyau, in za a faɗi gaskiya,
ga wani yaro a tsakiyarsa yana barci, baki buɗe.

Na manna hoton a jikin firji.
Yanzu ina kan sabon zane, shafi na biyu,
na tsaya a kan kalma ɗaya tun magariba:
in ce "a juya", ko in ce "a kifa"?
Loretta za ta gaya mini ranar Talata.