Goma Sha Ɗaya, Takwas, Biyar, Biyu

A firijinmu, tsakanin man shanu da ragowar kifin jiya,
akwai kwalin allurai.
Anselmo, mai ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso
ko gezau ba ya yi,
ga shi hannunsa na rawa kan tsinken da bai kai ƙayar kifi ba.
Ƙarfe tara na dare. Na tattaro fatar mara,
na ce, "Soka mana, bawan Allah."

Kwana goma sha ɗaya muna haka.
Gefen cibiyata ya yi dabbare-dabbare.
Cikina ya tasa kamar na mai wata uku,
alhali ba kowa a ɗakin.
Na yi kuka don cokali ya faɗi,
na zagi tukunya don ta ƙi tafasa.

Duk bayan kwana biyu, da sassafe,
in sauka matakala ɗari da sittin ta unguwarmu,
in miƙa hannu a ɗebi jini,
in kwanta, Likita Ibaceta ta leƙa da na'ura.
Baƙaƙen ƙwallaye a allo, kamar inabi cikin duhu.
Tana awo, Maite tana rubutawa:
wannan ya yi nawa, wancan ya cika gaggawa.

Sai allurar ƙarshe, mai ƙa'ida.
"Sha ɗaya da kwata," in ji Maite, "ban ce da rabi ba.
Awa talatin da shida cif mu haɗu, ba ci, ba sha."
Agogo uku muka saita.

Ranar ɗibar ƙwai aka sa ni barci.
Na farka da ƙishi da murɗar mara,
wata murya ta ce, "Leonor, goma sha ɗaya."
Anselmo ya fito daga nasa ɗan ɗakin,
ya ba da rabonsa cikin 'yar roba mai murfi,
kunya ta hana shi ɗaga ido.

Daga nan waya ta zama alƙali.
Ni mai sayar da kifi a bakin teku, na san ragi,
amma ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba.
Goma sha ɗaya suka koma takwas, su ne nunannu.
Takwas suka koma biyar da suka karɓi baƙo.
Rana ta biyar, biyu suka saura.
Ba bakin cewa albarka.

Ranar dashe aka ce in sha ruwa, in cika mara, in riƙe.
Abin da na jira shekara bakwai
ya iso ina matse ƙafa, ina roƙon kar in ji kunya.
Ba zafi. Minti goma.
Wani farin ɗigo ya gilma a allo,
likita ta ce, "Ga shi nan."
Ɗayan aka kai shi ƙanƙara,
yana barci da lambarsa cikin sanyin da ya fi na teku.

Yanzu sai jira.
Maganin riƙe ciki safe da dare, shi kuwa maƙaryaci ne:
nauyin ƙirji, kasala, tashin zuciya,
duk alamun da nake fata yana kawowa, ban da alkawari.
Surukata ta aiko da miya, ta ce kar in hau matakala.
Likita ta ce, "Hau abinki, ba ƙwan kaza ba ne da zai faɗo."
Ina hawa dai, sannu-sannu, ina ƙirgawa.

An gaya mana tun farko, ba ɓoye-ɓoye:
wasu sau ɗaya, wasu sau uku,
wasu har ƙarfinsu ya ƙare ba su samu ba.
Muka sayar da mota, muka sa hannu.

Gobe za a ɗebi jini.
Yau gajimare ya sauko ya kwanta kan ruwa,
jirage na kuka, ba a ganinsu.
Anselmo ya buɗe firiji neman man shanu,
ya tsaya yana kallon gurbin kwalin.
Ban ce komai ba.
Na ɗora ruwan shayi.