Daren Laraba a Bagalam

Bayan lisha muke haɗuwa a shagon Illa tela,
mu bakwai, ranar ruwa mu huɗu.
Ya ture kekensa gefe, ya share ƙyallaye,
Lawali ya hura gawayi, ya aza buta.
Kowa da kayensa a hammata,
nawa ma na lakwal ne, ƙanena ya bar shi rabi.

Doka ɗaya gare mu, Cima ta kafa ta:
ba a cewa "ya yi kyau" a koma kurɓar shayi.
In ya yi kyau, nuna mana ina.
In ya yi tsami, sa yatsa a wurin.
Yabon da bai karanta ba, in ji ta,
kamar kuɗin jabu ne, ka kwana da shi kana murna,
da safe mai koko ta maido maka.

Ran da Harisu ya fara zuwa
da ƙurar kabu-kabu a gashin ido,
shafi shida ya karanta mana:
wani attajiri, wani jirgin ruwa,
wata ƙasa mai ƙanƙara da bai taɓa takawa ba.
Muka tafa, don baƙo ne.
Cima ba ta tafa ba.
Ta ce, "Jiya wa ka ɗauka a motonka?"

Ya ce, "Wata tsohuwa ce daga Jiratawa,
da buhun zogale, za ta babbar kasuwa.
Tun daga gada take hira da mijinta,
sai a bakin tasha na gane ya shekara tara a ƙasa.
Ba ta da dala ashirin,
albasa uku ta danƙa mini."

Shagon ya yi tsit, har butar ta tafasa ta zube.
Cima ta ce, "To ina ta a cikin shafi shidan nan?"

Ya naɗe takardunsa, ko sallama babu.
Laraba biyu kujerarsa, wato buhun yadi, ba kowa.
Illa ya ce mun kori yaro.
Lawali ya ce gyaɗa sai ta sha matsa take ba da mai.
Cima ta yi ta juya kofi a hannu,
na san ba ta yi barci ba, ko da ba ta faɗa.

Ta uku sai ga shi.
Shafi ɗaya, da tabon baƙin mai a kusurwa.
Ya karanta yana tuntuɓe,
tsohuwar ta shigo shagon da buhunta,
muka ji ƙamshin albasa,
muka ji mijin yana amsawa ta bakin iska.
Habsu ta ce layi na huɗu ya yi nauyi, a sauke masa kaya.
Illa ya ce a bar "danƙa", kar a taɓa ta,
kalmar tana da hannu.
Muka yi gardama kan waƙafi guda
har wuta ta ɗauke, muka ci gaba da fitilar waya.

Ni kuwa, shekara guda ke nan ina zuwa.
Na iya gano inda ɗinkin kowa ya karkace,
na iya cewa "rage nan, ƙara can",
amma kayena bai taɓa buɗuwa gaban mutane ba.
Daren nan Harisu ya juyo, ya dube ni:
"Kai fa, Malam Sanda, jiya wa ka ɗauka?"

Ga shi, ku na ɗauka.
Na kawo ku duka, har da butar.
Cima, aje kofin.
Kar ki ce ya yi kyau.