Kaza da 'Ya'yanta

A Wad Madani, bayan la'asar,
na kai kakata Tasalla ɗakin taurari.
Kujeru goma sha biyu, fanka na ƙugi.
Saurayin ya kashe fitila, ya murɗa na'ura,
sai ƙubbar siminti ta cika da dare.

Yana ta jero sunaye da Larabci,
ta katse shi: "Waccan ai Kaza ce da 'ya'yanta!
Ƙarƙashinta muka kwana tun daga Damagaram,
a ƙafa, ina 'yar shekara bakwai."

Sai wuta ta ɗauke.
Yara suka sa ihu, ita ko gezau.
Ta kamo hannuna cikin duhu
tana ƙirga 'yan tsaki a yatsuna.
Shida.
Na bakwai, in ji ta, ƙanena ne.
A hanya muka rufe shi.